Hirar Masu Lambu a Bakin Tomas

Arewa da birnin Kano, wajen Ɗambatta, ƙasa ce wadda ba ta da daji. In manomi ya ɗaga murya a gonarsa, maƙwabcinsa na gabas da na yamma duk sai su amsa. Gona ba ta hutawa, kowace damina sai an noma ta. Abin da ya ke riƙe da ita kuwa taki ne, na awaki da tumaki, da wanda a kan ɗauko daga birni, a da cikin mangala bisa jakuna, yanzu a mota. Tun da aka tare ruwan Tomas a shekarun 1970, mutanen wurin suka sami aikin rani: tumatir, da albasa, da tattasai.

A nan wani dattijo da ƙanensa su ke da lambu, kunya ɗaya ta raba su. In rana ta take, su kan kashe injin ban-ruwa su zauna gindin mangwaro su yi hira. Hirar ba ta cika wuce farashin kwandon tumatir, da aure, da suna, da ciyawa ba. Amma ran nan ta sake, gama ɗan dattijon ya zo ganin gida daga Ikko, inda ya ke dako a tashar jiragen ruwa ta Apapa.

Ƙanen uban shi ya fara tsokanarsa. Ya ce, "Kai yaro, an ce ka ga teku. Ta kai Tomas biyu?"

Saurayi ya yi dariya, ya ce, "Baba ƙarami, ai ba a ganin gaɓarta ta ƙetare, ruwan kuma gishiri ne, ko albasa ba ya shayarwa." Sa'an nan ya ba su labarin wata dabba da ruwa ya taɓa jefowa bakin gaɓa, mutane suka yi ta hawa kanta kamar tudu. Ya ce jirgin ruwa ma ya kan kauce mata.

Ƙanen uban ya ce wannan ƙaryar 'yan birni ce. Amma a nan yaron ya fi shi gaskiya. Babbar cikin irin waɗannan dabbobi ta kan kai ƙafa 100 a tsawo, babu wata dabba a duniya da ta kai ta nauyi, giwa kusa da ita kamar ɗan akuya ce. Ko da ya ke siffar kifi gare ta, ba kifi ba ce. Ta kan taso ta shaƙi iska, ta kan haihu, ta kuma ba ɗanta nono. Abin mamaki, abincinta 'yan ƙananan jatan lande ne da ba su wuce tsawon yatsa ba.

Dattijo ya yi shiru yana jan carbi, kana ya ce, "Wanda ya karanta labarin Annabi Yunusa, alaihissalam, ba ya musun girman abin da ke cikin teku. Ayu ma da ke kogin Binuwai ai nono ya ke bayarwa, ciyawa kuma ya ke ci."

Ƙanen ya ce, "To, Yaya, sai a samo mana guda, ko ya cinye mana jiji da kiri-kiri."

Duk suka yi dariya. Mai lambu kuwa ya san dalilin wannan kuka. Jiji, in ka cire ganyensa ka bar 'ya'yansa a ƙasa, kafin mako ya dawo. Kiri-kiri kuma, kowace gaɓa da fartanya ta datse sabon tushe ce. Ba dukan ciyawa ce abokiyar gaba ba, gama tafasa da zaƙi-banza mata su kan tsinko su yi kwaɗo ko miya, sauran kuma tumaki su ci. Guda ɗaya ce ba ta da wani alheri, watau ƙuduji, wanda waɗansu ke kira wuta-wuta. Da aka ambace shi, sai fuskar dattijo ta sake.

Ƙuduji ba na lambu ba ne, na gonar tudu ne. Tushe ɗaya ya kan zubar da iri dubbai masu yawa, ƙanana kamar ƙura, su kwanta cikin ƙasa fiye da shekara 10 suna jira. Ba su tsira sai sun ji saiwar dawa ko gero ko masara kusa. Sai su kama ta su yi ta tsotsa, kafin furen nan mai kyau ya bayyana an riga an yi ɓarna. Ya fi son gonar da ta gaji. Masu binciken aikin gona a Samaru da Minjibir sun daɗe suna faɗin maganinsa: a zuba taki, a tuge shi tun bai yi fure ba a ƙone, a kuma riƙa sāke shuka da waken suya ko gyaɗa ko auduga, waɗanda su kan sa irin ya tsiro ya rasa abin kamawa ya mutu. Dukan wannan aikin hannu ne, hannun kuwa shi ne dattijo ya rasa. Gonar da ya gada ta kan ba da dami 40, bara 15 aka ɗaure.

Saurayi ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, abin da ya kawo ni ke nan. Tun da gonar ta mutu, a sayar, in sayi babur in riƙa aiko muku da kuɗi kowane wata."

Ba a ga laifinsa ba, gama ƙannensa mata biyu sun isa aure, kayan ɗaki kuwa ba a yinsu da dami 15. Amma a ƙasar da ba ta da daji, wanda ya sayar da gona da wuya ya sāke samun wata.

Dattijo ya ce, "Ba ta mutu ba, yunwa ta ke ji. Ka ba ni damina biyu."

"Ranar Asabar zan koma, Baba."

"Na sani."

Ƙanen uban ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ce in dai taki ne, yana da tumaki 6, a kwashe turkensu duka, bana shi zai haƙura. Ba wanda ya amsa masa. Aka kira la'asar a ƙauye, suka yi alwala a bakin kwalbati. Da suka idar, dattijo ya tafi ta da inji, saurayi kuwa ya naɗe ƙafar wandonsa, ya ɗauki fartanyar uban, ya shiga fangalin albasa yana tono 'ya'yan jiji.