Kaka a Agiye

Matafiyin da ya bi babbar hanya daga Maraɗi zuwa Gazawa cikin watan Oktoba zai iske Agiye cikin hidima. Amalanken shanu na jigilar dammunan hatsi, mata na sussuka, samari na haƙar aya. Da dare ganga ta tara ƴan kokowa a dandali, da safe a hallara wurin ɗaurin aure.

Sai dai tiyar hatsin da magidanci ya sayar da arha domin kayan biki, ita zai sayo da tsada in bazara ta kama. Mutanen yankin nan ba su manta da yunwar 2005 ba. Ƴan kasuwa, ku saya da adalci. Magidanta kuwa, a cika rumbu kafin a kira makaɗa.