Mun Kai "Bama" Suame Magazin

Duk wanda ya taɓa bi ta ƙofar gidanmu a Zangon Techiman ya san tsohuwar motar nan da ke durƙushe a gindin dogon yaro. Tun muna yara ba mu san ta da wani suna ba sai "Bama". Abin da muka tashi muka ji shi ne, wai da ita marigayi kakanmu ya yi yaƙin Bama, ya tuƙa ta cikin daji Japanawa na ɓarin wuta, da aka gama yaƙi Turawa suka bar masa ita ladan jaruntaka. Ta yi shekaru tana kai doya da masara Kumasi, ta komo da siminti da kwanon rufi. Daga 1994 ba ta sake motsi ba, sai kaji da ke ƙwai a ƙarƙashinta.

A ƙarshen 2023 masu sayen tsofaffin ƙarafa, waɗanda muke kira 'yan kondem, suka zo suka taya ta. Nan fa gida ya rabu biyu. Wasu suka ce a sayar a raba kuɗin, ga kuɗin makarantar yara, ga rufin ɗakin tsakar gida yana yoyo, kuma gaskiya ne ba su faɗi ƙarya ba. Kawu, wanda shi kaɗai ya rage cikin 'ya'yan marigayin, ya ce ba da yawunsa ba. Da ƙyar aka tsaya a kan magana ɗaya: a ba mu, mu jikoki uku da muka nace, shekara guda. In ta tashi, ta zauna. In ba ta tashi ba, 'yan kondem su zo da sikelinsu.

To, da aka yi dogon hutun makaranta na 2024 sai muka sami wata tirela da ta kai kaya arewa tana komawa fanko, aka taru aka ɗora Bama a kai. Daga Techiman zuwa Kumasi kimanin kilomita 120 ne, ta Akumadan, garin tumatir, da Abofour da Offinso. Duk inda muka tsaya sai tsofaffin direbobi sun zo sun zagaya ta suna kaɗa kai. Wannan hanya kuwa ba ta shiga Kumasi sai ta ratsa Suame, saboda haka ba mu sha wahalar nema ba.

Wanda bai taɓa shiga Magazin ba, da wuya a kwatanta masa. Kafin ido ya gani kunne ya riga ya ji: bugun guduma, ƙarar injin yankan ƙarfe, hon, da kiran yara masu koyon aiki. Ƙasar wurin baƙa ce wuluk saboda baƙin mai na shekara da shekaru. Ana ƙiyasta masu cin abinci a nan sun kai 200,000, kuma kowa da fanninsa. Wannan lagireto kawai ya sani, wancan sifirin, ga masu walda, ga masu fenti, ga masu narkar da tsohon ƙarfe su zuba sabon abu. Za ka ji Twi da Hausa da Farafara da Dagbani a rumfa ɗaya. Sunan ma na soja ne. A shekarun 1930 makanikan Kumasi sun taru ne a wani tsohon wurin ajiyar makaman Turawa, wanda a Turance ake kira magazin, da aka komo da su Suame sai sunan ya biyo su. Wato motar soja ta zo gidan da ya dace da ita.

Aka yi mana kwatancen wani dattijon fita, mutumin Asante, mai Hausa kamar haifaffen Zango. Masta ya zagaya motar sau biyu bai ce uffan ba, sa'an nan ya hau ya ɗaga guntun kwanon da kakanmu ya manna a rufin kan motar. Sai ga wata kewayayyiyar ƙofa daidai saman kujerar mai zaman gaba.

"Ticha, kun san amfanin wannan?"

Muka ce mun ɗauka don shan iska ne. Ya yi dariya ya ce nan soja ke tsayawa ya leƙa waje, da bindiga ko da tabaron hangen nesa. Ya kai mu baya, ya kankare tulun ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya da wuƙa, sai ga ragowar farin fenti, ga kuma mazaunin wata 'yar fitila a samansa. In ana tafiyar dare a jere ba a kunna manyan fitilu, sai wannan 'yar fitila ta haska farin, direban baya ya bi shi. A jikin ƙofa ya kankare shuɗi, ya kankare rawaya, can ƙasa sai ga koren soja. Mu dai murna ta cika mu, ga shaida ta fito. Sai ya goge wani ɗan allon ƙarfe mai lambobi da yawu da babban yatsa, ya duba, ya ce:

"Motar soja ce, babu shakka. Amma Ticha, wannan RL ce. Lokacin yaƙin Hitila ba a haife ta ba."

Ba mu ji daɗin maganar nan ba, kuma da farko ba mu yarda ba. Amma da muka bincika sai muka tarar Masta ya fi mu karatu a wannan fanni. Bedford RL ƙirar kamfanin Vauxhall ce ta Ingila, kuma a farkon shekarun 1950 ta fito, alhali yaƙi ya ƙare tun 1945. Injinta na fetur ne mai silinda 6, lita 4.9, ƙafafu huɗu duk suna ja, an kuma ƙera fiye da 70,000. Wadda ta yi yaƙin ita ce yayarta, QL, da aka ƙera daga 1941 zuwa 1945. Sitiyarinta na dama ma ba hujja ba ce, domin a hannun hagu ake tuƙi a Ghana har ranar 4 ga Agusta 1974.

Washegari muka bar Masta da aikinsa muka nufi tsohuwar ganuwar Kumasi, wadda ta zama gidan tarihin soja tun farkon shekarun 1950. Jan gini ne mai kauri a tsakiyar gari, kusa da Adum. Turawa sun gama shi a 1897, a cikinsa kuma mayaƙan Yaa Asantewaa suka tsare Gwamna Hodgson da mutanensa a 1900. Cikin waɗanda aka tsare har da sojojin Hausa, abin da ya kamata mu 'yan Zango mu riƙa tunawa in muna ba da labarin zamanmu da masu masaukinmu. Rundunar Gwalkwas ta samo asali ne daga 'yan sandan Hausa da aka kawo daga Legas, kuma Hausa ta daɗe tana zaman harshen bariki, ko da sojan Bafarafare ne ko Bagurunshe. A ɗakunan akwai makaman da aka ƙwato daga Italiyawa a gabashin Afirka a 1941 da na Japanawa, da hotunan samari sanye da hular soja waɗanda muka yi ta duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya san abin da muke nema.

A nan muka fahimci wani abu game da yaƙin Bama kansa. Sojojin Afirka ta Yamma sun je ne cikin runduna biyu, ta 81 da ta 82. A kwarin Kaladan, inda ta 81 ta shiga a 1944, babu hanyar babbar mota ko kaɗan. Jirgin sama ke jefo musu abinci da harsashi, dubban sojoji marasa bindiga su ɗauka a ka. Hanyar jif ma da hannu suka sare ta cikin duwatsu. A Janairun 1945 rundunonin biyu suka kama Myohaung, sunan da barikin soja na Takoradi ke ɗauke da shi, kamar yadda Burma Camp ta Ankara ke ɗauke da sunan ƙasar. Ashe labarin mota mai ratsa daji ana harbi bai zauna ba tun daga tushe.

Da muka koma gida ƙarshen mako muka roƙi Kawu mabuɗin adakar marigayi. Abin kunya ne a ce gida mai malaman makaranta biyu ba wanda ya taɓa zama ya karanta takardun nan. Ga littafin sallamarsa daga soja, lambarsa ta fara da GC. Ya shiga a 1942, aikinsa direba, ya yi Indiya da Bama, aka sallame shi a 1946. Wannan kam gaskiya ne, ya je. A ƙasan adakar kuma ga rasit na gwanjon motocin soja, gara ta cinye kusurwar da kwanan wata yake. Amma an rubuta kuɗin da sabon sidi, shi kuwa sabon sidi a Fabrairun 1967 ya fito. Ke nan tsakanin dawowarsa daga yaƙi da sayen motar an yi fiye da shekara 20, yana tuƙa motocin mutane yana tari. Ba Bature ya ba shi ba. Da guminsa ya saya.

Aiki a Magazin ya ci wata huɗu. Injin ya cije, sai da Masta ya cire filogi ya ɗura gas a kowane rami ya bar shi mako biyu, kullum da safe yara su ɗan gwada juya shi da dogon ƙarfe, har ran da ya saki. Aka buɗe kan injin, aka wasa bawul, aka sa sababbin ringi. Gasket da hannu aka yanka shi. Notinan duk ma'aunin inci ne, sifanun yaran na milimita ba su kama, sai da Masta ya buɗe wani tsohon akwati da ya ce na maigidansa ne. Ya ba mu shawarar a jefar da injin fetur a sa na gas, kamar yadda aka yi wa yawancin 'yan'uwanta, don RL ba ta wasa da mai. Shawara ce mai kyau ga mai neman kuɗi da mota. Muka ce a bar mata nata. Ranar da ta tashi, da hayaƙi da tari kamar tsoho mai mura, makanikan layin suka bar aikinsu suka zo kallo.

Saura faɗa wa Kawu, abin da muka yi ta ɗagawa. Muka same shi bayan la'asar, muka gaishe shi, muka yi ta kewaye-kewaye kafin mu ce, "Kawu, motar nan fa ba ta je Bama ba."

Ya dube mu ya ce, "Ni za ku faɗa wa? Ni na raka Baba Ankara ranar da ya sayo ta, ina ɗan shekara 13. A bayanta na kwana har Nkawkaw."

Muka ce to don me bai taɓa faɗa ba? Ya ce ba wanda ya tambaye shi. Marigayi ya sa mata sunan ne don warin fentinta na tuna masa da can, yara suka ƙara nasu, shi kuma da ya ga labarin ne ke hana a sayar da ita sai ya ja bakinsa ya yi shiru.

Mun karanta wa sauran dangi takardun a taron gida. Wasu sun ce tunda ba ta je yaƙi ba, sharaɗin ya warware. Kawu ya ce sharaɗi tashi ne, kuma ta tashi. Ɗaya daga cikin masu son a sayar ya sayi batir. Tayoyi ne suka rage, masu rim 20, kuma Masta ya aiko cewa ya ga wasu na hannu a layin masu taya, mu zo da kuɗi kafin wani ya riga mu.