Ɗumin Ƙaramin Yatsa

 Yau ba labarin soyayya zan ba ku ba irin wanda kuka saba gani a littattafaina. Labarin wani kek ne na Turawa, kuma labarina ne ni da ƙanwata Auta.

Bayan rasuwar Ummanmu a 2021, Allah Ya jiƙanta, aka zo rabon kayanta. Akwai wata 'yar sarƙar gwal da Auta ta ce Umma ta ba ta tun tana raye, ni kuwa na kafe na ce ban shaida ba. Magana ta yi zafi, na gaya mata abin da har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Shekara na zagayowa mijinta ya samu karatu a ƙasar Denmak, suka tafi garin Odense da ke tsibirin Fyn, ko sallamar kirki ba mu yi ba. Shekara biyu cur ba ta ji muryata ba, ban ji tata ba, alhali mun san addini ya hana gaba ta wuce kwana uku.

Ni dama abin da na sani game da Denmak bai wuce madarar Dano da shuɗin gwangwanin biskit ɗin nan da muke zuba zare da allura ba. Kwatsam wani dare cikin watan Disamba sai ga saƙon murya a WhatsApp. Na daɗe ina kallon wayar kafin na danna.

"Yaya, ina wuni," in ji ta. "Nan fa yanzu tun kafin ƙarfe huɗu rana take faɗuwa, ga sanyi, ga kaɗaici. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta kawo min kek ɗinsu na gargajiya, na tambaya ta ce ba giya ba man alade. Da na ci sai na tuna mazarƙwailar da kike ƙullo min a bakin zani in Umma ta aike ki kasuwa."

Ba ta ambaci sarƙa ba, ba ta ce yi haƙuri ba. Kawai ta shiga zayyano min yadda ake yi.

Sunan kek ɗin brunsviger, mutanen Fyn kuma da shi suke taƙama. Ba irin namu na biki ba ne da ake bugawa da bakin hoda, na yis ne, kwaɓinsa ɗan uwan na biredi. Da kofi suke cin sa, in kuma ranar haihuwar yaro ta zagayo sai su yi shi da siffar mutum su ƙawata da alawa. Ga ma'aunin da ta ba ni: fulawa rabin kilo, madara kofi 1, busasshen yis cokali 1, ƙwai 1, bota giram 75, sukari cokali 3, sai ɗan gishiri. A kwaɓa a murza har ya daina kama hannu, a rufe awa ɗaya ya tashi. Sannan a baza a faranti mai ɗan zurfi, a sake barin sa minti 20. Sai a narka bota giram 150 da jan sukari giram 250, a dinga danna yatsu cikin kwaɓin ana yin ramuka, a kwarara romon a kai. Wutar obin digiri 200, minti 20 ko kusa da haka. Ta ce in ban samu jan sukari ba in daka mazarƙwaila.

Washegari na ce bari in gwada, ba don komai ba sai don in nuna wa kaina ba abin da yarinyar nan za ta koya min, ni da nake funkaso da alkubus tun tana goye. Raina a ɓace, hannuna na sauri, na dama madara da ruwan da ya sauko daga wuta na antaya yis. Awa biyu kwaɓi na zaune kamar dutse. Na kashe yis ɗin. Kashegari na ce to bari in yi da ruwan randa, ga hunturu ana busawa. Wannan ma har la'asar ko motsi bai yi ba. Kilo guda na fulawa a wannan tsadar! Maigida ya dube ni ya ce, "Ke dai ki tambayi mai abin mana."

Wallahi 'yan uwa, jimla ɗayan nan ta fi min rubuta littafi wuya. Na rubuta na goge ya fi sau biyar, daga ƙarshe na tura: "Auta, ya ƙi tashi."

Ko minti biyu ba a yi ba ta amsa, tana dariya muryarta na rawa. Ta ce mutanen can suna da kalma guda a kan wannan, ma'anarta ɗumin ƙaramin yatsa. Ki tsoma ƙaramin yatsanki a madarar, in ba ki ji zafi ba kuma ba ki ji sanyi ba, to ta yi. Yis abu ne mai rai, zafi yana kashe shi, sanyi yana sa shi barci.

Na yi shiru ina riƙe da waya. Ai abin da na yi wa zumuncinmu ke nan. Na fara ƙona shi da zafin baki, sannan na bar shi cikin sanyin gaba ina jiran ya tashi da kansa.

Na uku ya tashi fam, har yana ture murfi. Da yake ba wuta, a babbar tukunya na gasa, yashi a ƙasa, garwashi a kan murfi. Ƙamshin bota da mazarƙwaila ya cika gida har maƙwabta na leƙowa. Da na yanka sai na ga amfanin ramukan nan: a cikinsu zaƙin ya taru, inda na bari sumul kuwa romon ya zame ya gangara gefe.

A daren na kira ta. Na ce, "Auta, sarƙar nan taki ce, ki yafe min." Ta fashe da kuka ta ce ko sau ɗaya ba ta taɓa sa ta ba, duk ran da ta ɗauko sai ta tuna fuskata. Ashe shekara biyu mun yi asarar juna a kan abin da ke kulle cikin akwati.

Don haka 'yar uwa, in akwai wadda kuke gaba da ita, kada ki tsaya jiran kalmar "yi haƙuri". Wata ba ta iya furta ta ba, sai dai ta aiko miki da tuwo, ko ta tambayi lafiyar yara, ko ta koya miki girki. Ki gane ban haƙurin ke nan, ki karɓa da hannu biyu. Ɗan uwa rabin jiki ne.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya bar mu da zumunci, amin.