Daga Unguwar Sanusi Zuwa Filin Wasa Na Ahmadu Bello

Uwargida, in kin hau keke daga Unguwar Sanusi, kika ratsa Tudun Wada kika nufi gadar Kogin Kaduna, za ki wuce ta gefen filin wasa na Ahmadu Bello. Wataƙila ko ɗaga kai ba kya yi. Ni kuwa duk ranar da na bi ta wajen sai na tuna watan Afrilun 1999, ina ɗalibar sakandare.

A shekarar Nijeriya ta karɓi baƙuncin gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20. Ƙasashe 24 suka zo, Kaduna na cikin garuruwan da aka buga wasanni. Da malamarmu ta ce za a kai ɗalibai kallon wasan Ghana da Sifaniya, sai gidanmu ya rabu biyu. Kawuna ya ce me ya haɗa 'ya mace da filin ƙwallo? Inna ta yi shiru har dare, sannan ta je da kanta ta ga malamar. Ta tambayi wa zai raka mu, a ina za mu zauna, yaushe za mu dawo. Da ta gamsu, ta ƙulla mini kuɗin mota a bakin ɗankwali, ta ce, "Je ki gano, ki zo ki ba ni labari."

Ban san dokokin ƙwallo ba, don haka abin da ya fi zama mini a rai shi ne bikin da ake yi kafin a take wasa. An shigo da tutoci, 'yan wasa suka fito a jere, filin ya yi tsit aka sa taken kowace ƙasa. Ranar na fara ganin ƙasashen da muke haddacewa a darasin labarin ƙasa sun zama mutane masu gumi kamar mu. Kaduna gaba ɗaya ta goyi bayan Ghana. An tashi 1-1, aka je bugun fanareti, Sifaniya ta yi nasara da ci 8-7. Yaron da ya tsare musu gida shi ne Iker Casillas, wanda ya ɗaga Kofin Duniya a Afirka ta Kudu a 2010. Da na gan shi a talabijin na ce wa yarana, "Wannan a Kaduna na san shi."

A gefena ranar akwai ƙawata Kirista, maƙwabciyarmu. Ruwa ɗaya muka raba, ihu ɗaya muka yi. Ba a cika shekara ba rikicin Fabrairun 2000 ya ɓarke, mutane suka yi ta ƙaura, galibin Musulmi suka koma arewacin kogi, Kiristoci kudanci. Iyayenta suka kwashe kaya suka tsallaka gada. Ban sake zama kusa da ita ba. Da Inna ta hana ni zuwa, da ba ni da wannan yinin da nake nuna wa yarana in ce haka garinmu yake a da.

Shi ya sa nake roƙonki, in 'yarki ta kawo takardar makaranta ta neman izinin fita, ko gasar tsere ce ko musabaƙa ko ziyarar gidan tarihi na Arewa House, kada ki ce a'a tun kafin ki karanta. Tsoronki yana da dalili. Ki yi yadda Inna ta yi: ki je ki ga malamar, ki karɓi lambar wayarta, ki san motar da lokacin dawowa. In hankalinki ya kwanta, ki sa mata albarka ta tafi.

Ke fa, wace fita ce mahaifiyarki ta bar ki kika yi, har yau ba ki manta ba?