Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Shekarar da ya ajiye aikin koyarwa, wani dattijo a bayan garin Zariya ya sa aka haƙa masa ɗan tafki a lambun gidansa, daura da darbejiya. Tsawonsa bai wuce taku shida ba, zurfinsa kuwa iya cinya. Aka daɓe shi da siminti, aka cika shi da ruwa, ya zuba 'yan karfasa goma sha biyu. Burinsa bai wuce ya shimfiɗa buzu bayan la'asar ya riƙa kallon kifi ba.

Da bazara ta tsaya, sai ruwan ya soma sauya kama. Da fari ya yi kore shar, daga bisani gansakuka ta shimfiɗu a kansa tamkar bargo. Kullum Malam ya sa manjagara ya kwashe, bayan kwana uku ta dawo. Uwargida kuwa ta tsaya kai da fata.

"Malam, a cike ramin nan a huta. Wari yake yi, ga sauro, ga jikoki suna kwana a gidan."

Gudun kada a cike ɗin ne ya sa ya yi gaggawa. Ya ɗauko ragowar maganin feshin ciyawa na gona ya tsiyaya a ruwan. Ciyayin cikin suka mutu, amma da asubahin kwana na uku sai ya tarar da kifi bakwai sun juya ciki sama, sauran suna haki a saman ruwa. Ko an ajiye batun dafin maganin, matattun tsirrai idan suka nutse ruɓewa suke yi, ruɓewar kuma tana cinye iskar oksijin da kifi ke shaƙa. Hasali ma ita kanta gansakukar da rana ne take ba ruwa iska, da dare karɓewa take yi, shi ya sa ɓarnar ta fi faruwa gab da wayewar gari.

Daga nan ne ya daina tambayar yadda zai kashe gansakuka, ya koma tambayar abin da ke ciyar da ita, tun da ruwa ba ya tsami banza. Gansakuka tsiro ce, bukatarta rana da taki. Rana dai ga ta nan tun hantsi har yamma. Takin kuwa ta hanya uku yake shiga. Jikoki kowa ya zo sai ya watsa wa kifi dusa da guntun tuwo, abin da ba su ci ba ya nutse ya ruɓe. Ganyen darbejiya da ya zuba tun hunturu ya zama taɓo baƙi ƙirin a gindin tafkin. Na uku shi ne ya fi ba shi kunya, domin shi da hannunsa ya kafa turken awaki a kan tudu, ruwan wankin wurin duk yana gangarowa ciki.

Ya ɗaga bakin tafkin da jerin bulo ɗaya, ya karkatar da magudana. Ya kwashe taɓon da bokiti ya zuba wa gindin lemo. Bai zubar da ruwan gaba ɗaya ba. Kashi ɗaya cikin huɗu yake sauyawa, idan na famfo ne kuma sai ya kwana biyu a baho kafin a zuba. Abinci ya koma sau ɗaya a yini, gwargwadon abin da kifin za su cinye cikin minti biyar. Sannan ya dasa bado a tukunya ya nutsar, ya kawo kainuwa tafi ɗaya daga kududdufi, don ganyensu su tare rana, saiwoyinsu su yi wa gansakuka kishiya wajen shan taki.

Sai dai kainuwa dashen Allah ce, ba ta san iyaka ba. Cikin 'yan makonni ta nemi rufe ruwan baki ɗaya, wanda shi ma shaƙe kifi yake yi, ga shi sauro na samun maɓoya a tsakanin ganyenta. Malam ya gicciya gora a tsakiyar tafkin, duk abin da ya tsallake gorar a kwashe. Ba ya yarda a zuba kwason a kwata, sai dai a shanya shi ya bushe ya zama taki. Ya taɓa aiki a Hadejia, ya ga yadda kacala ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Hadejia da Nguru bayan gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992, saboda haka ba ya raina tsiron ruwa komai ƙanƙantarsa.

Ruwan bai taɓa zama garau kamar na randa ba, kuma ba zai zama ba. Akwai ɗan kore-kore a jikin simintin, wanda karfasa ke kiwo a kai, su kuma ƙananansu suna tsince tsutsar sauro. Uwargida ba ta janye maganarta ba, ta dai daina maimaita ta. Kowace Asabar da safe babban jikan ne ke riƙe rariya, Malam yana daga kan buzu yana nuna masa inda kainuwa ta ƙetare gora.