Daga Makiyayar Alps Zuwa Bakin Tafkin Janiba: Tafiyar Awa Guda

Ba kowace tafiya ake auna ta da nisa ba. Tsakanin ƙauyen Château-d'Oex da ke cikin tsaunukan Alps da garin Montreux na bakin Tafkin Janiba, a yammacin ƙasar Suwizalan, hanyar mota ba ta wuce kimanin kilomita 50 ba, kuma direba mai natsuwa zai cinye ta cikin awa guda da 'yan mintoci. Amma a wannan ɗan taƙi mutum yakan baro ƙasar shanu da sanyi, ya bi ta gonakin inabi, ya sauka inda itatuwa irin na ƙasashe masu ɗumi ke tsaye a bakin ruwa. Na bi hanyar a farkon watan Satumba, kuma abin da ta nuna mini shi ne kyan da ake yi wa ƙasar nan kirari da shi aikin hannu ne da bin ƙa'ida, ba kyautar yanayi kaɗai ba.

Château-d'Oex yana zaune a cikin wani kwari mai ciyawa shar, gidajensa na katako ne masu faffaɗan rufi saboda nauyin dusar ƙanƙara. Duniya ta san sunansa ne a 1999, lokacin da Bertrand Piccard da Brian Jones suka tashi daga nan cikin katafaren balan-balan, suka kewaye duniya ba tare da sun sauka ba, sai a hamadar Masar. Amma mutanen kwarin ba da balan-balan suke ci ba, da nono suke ci.

Da muka fita daga ƙauyen muka nufi kudu, hanya ta ƙuntata ta shiga tsakanin duwatsu, rafi na gudu a ƙasa, har muka iso L'Etivaz. Ƙauye ne ɗan ƙarami, amma sunansa ne ke kan wani cuku mai tsada. A 1932 makiyayan yankin suka kafa ƙungiyar haɗin kai, suka gina rumbun da ake ajiye cukun kowa har ya nuna. Dokarsu ba ta da sassauci: ba a yin wannan cuku sai tsakanin 10 ga Mayu da 10 ga Oktoba, a makiyayar da tudunta ya kai mita 1,000 zuwa 2,000, a cikin tukunyar tagulla, a kan wutar itace, da nonon shanun da suka ci ciyawar wurin. Wanda ya karya ƙa'ida ba zai sayar da kayansa da wannan suna ba.

A nan na tsaya ina sauraron ƙararrawar shanu daga gangaren dutse, sai tunanin gida ya zo mini. Waɗannan mutane ma masu ƙaura da dabbobi ne. Idan ƙanƙara ta narke sukan kora garke zuwa tudu, iyali su tare a bukkar kiwo har watanni, idan sanyi ya kawo kai su gangaro, a yi wa shanu ado da furanni, gari ya fito kallo. Wannan shi ne abin da Bafulatani yake yi tsakanin damina da rani. Bambancin shi ne a can kowace makiyaya tana da iyaka sananniya, hukuma ta ƙayyade yawan dabbobin da za ta ɗauka, kuma gwamnati na biyan makiyayi tallafi don ya ci gaba da kiwo a tudu, domin idan shanu suka daina hawa, daji zai cinye filin. Mu kuwa burtali da makiyaya da yawa sun zama gonaki da filayen gini, sannan a ce ƙaura da shanu ita ce cutar.

Daga L'Etivaz hanya ta yi ta hawa har Col des Mosses, mashigin da ke kan tudun mita 1,445. Fili ne buɗaɗɗe mai iska, inda ake wasan zamiya a kan ƙanƙara da hunturu. Daga nan sai gangara, kwana bayan kwana, kwari mai zurfi a gefe, kunne na toshewa yana buɗewa. Cikin ƙasa da rabin awa muka sauko kusan mita 1,000. Rigar sanyin da na ƙudundune a cikinta a kan tudu ta zama kaya. Dazuzzuka suka ja baya, gonakin inabi suka bayyana a jere bisa matakalan dutse, a tsakiyarsu tsohuwar fadar garin Aigle, garin da hukumar tseren keke ta duniya ke da hedikwata.

Daga Aigle muka juya arewa, muka bi shimfiɗaɗɗen kwarin Kogin Rhone. A Villeneuve tafkin ya buɗe gabanmu ba zato, shuɗi, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 580, zurfinsa ya kai mita 310, duwatsun Faransa na tsaye a wancan ƙetare. Kaɗan gaba sai fadar Chillon, wadda aka gina a kan fa a cikin ruwa, inda dutse ya matse hanya. Sarakunan Savoy sun daɗe suna karɓar kuɗin fito a nan daga fataken da ke zuwa Italiya, kafin mutanen Bern su ƙwace ta a 1536.

Montreux gari ne na otal-otal da baƙi, wanda bikin kiɗansa na shekara-shekara, da aka fara a 1967, ya ɗaukaka sunansa. Mutane na iyo a ruwa garai-garai, wanda kuma shi ne ruwan shan garuruwa da yawa na bakin tafkin. Ba haka yake ba a da. A shekarun 1970 ƙazantar birane da takin gona sun cika shi da sinadarin fosfet, gansakuka ta yi yawa, iskar da kifi ke shaƙa ta ragu a ƙasan ruwa. Suwizalan da Faransa suka haɗa kai, aka gina matatun ruwan ƙazanta, kuma a 1986 Suwizalan ta hana sa fosfet a garin sabulun wanki. Sannu a hankali tafkin ya farfaɗo.

Ruwa daga tudu yake gangarowa, don haka abin da na sama ya zuba shi na ƙasa zai sha. Makiyayin L'Etivaz da mai otal a Montreux ba lallai su san juna ba, amma doka ɗaya ta ɗaure su, kuma kowa na cin moriyar kiyayewar ɗan'uwansa. Ba mu da dukiyar Suwizalan, gaskiya ne. Sai dai shata iyakar burtali, da ƙayyade abin da makiyaya za ta ɗauka, da haɗa masu nono cikin ƙungiya mai kare sunan kayanta, ba su buƙatar ƙanƙara ko bankunan Janiba. Suna buƙatar hukumar da za ta sa doka ta kuma tsaya a kanta, da jama'ar da za su yarda ta hau kansu kafin ta hau kan maƙwabci.