Ƙurar Zarto A Anguwan Rukuba

Wanda ya shiga Jos ya kama titin zobe na Bauci, ba zai yi nisa ba sai ya iske kansa a Anguwan Rukuba. Unguwa ce ta Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, gidajenta a cushe tsakanin duwatsu, ta kuwa samo sunanta daga ƙabilar Rukuba, waɗanda ainihin mazauninsu yana ƙasar Bassa. Mutanen nesa galibi sun san sunan ne ta hanyar labarin baƙin ciki, musamman bama-baman da suka tashi a jajiberin Kirsimeti na 2010. Amma baƙon da ya zo da safe ba wannan zai fara ji ba, kukan injin kafintoci ne zai tarbe shi.

Filato dai ba ƙasar kurmi ba ce. Haƙar kuza da Turawa suka soma a farkon ƙarni na 20 ta cinye itatuwa masu yawa, turaren da aka dasa daga baya kuwa bai isa aikin ƙofa da kujera ba. Saboda haka manyan motoci ke kawo loko da maɗaci da afara daga nesa, a sauke su a kasuwar Katako ta Laranto, daga can kafintoci su kai shagunansu.

A wani shago da na zauna, injin da ya fi shan aiki shi ne zarto mai ɗamara. Ga yadda yake: ƙarfe ne siriri mai haƙora, an haɗe bakinsa biyu ya zama kamar ɗamara, yana zagaya ƙafafu biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Kullum ƙasa haƙoran suke yi, watau duk garin da suka kankaro sai su ratsa tebur da shi su zuba cikin akwatin ƙafar ƙasa. Juyawar ƙafar nan kuma tamkar fanka ce, ita ke watso garin ta kowace kafa. Mai nauyi ya faɗi ƙasa, mai laushi ya tsaya a iska. Jos tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, sanyin hunturunta kowa ya san shi, don haka a kan turo ƙofa a toshe taga, ƙurar ta rasa hanyar fita sai hancin masu aiki.

Na tambayi mai shagon, dattijo mai furfura, na ce, "Baba, ƙurar nan ba ta damunku?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, da ita muka tsufa. In yaro ya yi tari mu ba shi madara." To, a nan nake da ja. Madara abinci ce, ciki take tafiya, ba ta wanke huhu. Tun cikin shekarun 1960 likitoci a Ingila suka lura cutar daji ta cikin hanci ta yi yawa ga masu yin kujeru a garin Hai Waikom, a 1995 kuma hukumar binciken cutar daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ƙurar katako cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wannan cuta. Ƙurar loko ma an san ta da tayar da asma da ƙaiƙayin fata. Ingila ta ƙayyade cewa daga 2020 ƙurar katako mai tauri kada ta wuce miligiram 3 a cikin iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe. Abin da ido ke gani yana yawo cikin hasken taga ya kan zarce haka.

Abin mamaki, maganin ba shi da tsada kamar yadda ake zato. Yawancin injunan nan an yi musu bakin bututu can gindin akwati, alhali kuwa kafin gari ya kai can ƙafa ta riga ta watsa shi. Wurin kama shi shi ne daidai ƙarƙashin tebur, inda zarto ke fitowa daga katako. A ƙera ɗan akwati na falange ko na kwano ya rufe zarton a wurin, a bar tsaga ta wucewarsa, a haɗa masa bututu mai faɗin inci 4 zuwa fanka mai zuƙa. A toshe sauran kafofin, amma a bar ƙofa ɗaya ta shigar iska, gama inda iska ba ta shiga ba za ta fita da kome ba. A ɗaura ɗan buroshi yana shafar ƙafar ƙasa, domin gari in ya daskare bisa robarta sai zarto ya riƙa karkacewa, yanka ya lalace, wani lokaci ma ɗamarar ta tsinke. In an sa ganga mai murfi tsakanin injin da fanka, aka shigo da bututun ta gefe yadda iska za ta yi guguwa a ciki, mai nauyin zai zauna cikin ganga, sauran a fitar da shi bayan shago, nesa da tagar maƙwabta. Duk wannan aikin mai walda ne na unguwa. Takunkumin hanci na ƙwarai yana nan a matsayinsa, tsumma ba ya tare ƙura mai laushi.

Uzurin da kafintoci ke kawowa shi ne wuta: in an ɗauke, janareta ba zai ja zarto da fanka tare ba. Uzuri ne mai ƙarfi, ban raina shi ba. Sai dai garin nan kuɗi ne. Mata suna cusa shi cikin murhun gwangwani su yi girki, masu kiwon kaji, waɗanda ke da yawa a kewayen Jos da Bukuru da Vom, suna sayen ɓawon da injin gogewa ke fitarwa don shimfiɗa. Wanda aka tara cikin ganga tsab yake, ba yashi ba ƙusa, ya fi wanda aka share daga ƙasa daraja. Tarinsa kusa da janareta kuma kiran gobara ne. A 2015 fashewar wata masana'antar garin katako a Bosli ta Ingila ta kashe mutum huɗu.

Kafin in tashi, yaron shagon ya gama shara, ya cika buhu biyu, wata mata mai tuya tana tsaye bakin ƙofa tana jira. Girarsa da gashin kansa sun yi fari fat, shekarunsa ba su fi goma sha biyar ba.